Kafin ka sallami ƙanenka, fara ƙirga abin da hannunka ke ɗauka

Wani matashi mai shagon kayan masarufi a Kasuwar Dole ta nan Damagaram ya aiko da wannan tambaya, na ɗan taƙaita ta:

"Baba, na buɗe shago a 2022 da jarin sefa miliyan 2. Ina sayar da shinkafa, man girki, sukari, taliya da sabulu, wasu daga Kano nake saro su. Ciniki alhamdu lillahi, a rana mukan yi jika 150, wato sefa dubu 150. Ƙanena uwa ɗaya uba ɗaya ne ke zama a kan kuɗi idan na fita, akwai kuma yara biyu masu dako. Ba na ba shi albashi tunda tukunya ɗaya muke ci, abin da yake bukata yana ɗauka, ni ma haka. Amma kaya sai raguwa suke yi a shago, kuɗin kuma ban gan su ba. Zuciyata ta fara zarginsa. Ina so in sallame shi, in ci bashin miliyan 3 in buɗe shago na biyu a Sabon Gari, nan da shekara biyu in Allah ya yarda in fara zuwa Dubai da kaina. Mece ce shawararka?"

Ɗana, amsarka tana cikin wasiƙarka, a inda ka ce abin da yake bukata yana ɗauka, kai ma haka. Ta nan kuɗinka ke fita. Kana neman ɓarawo, alhali kai ne mutum na farko da ya fara jawo aljihun tebur ya ɗebi kuɗi bai rubuta ba, kuma a gaban yara uku kake yi kullum. Ban ce ƙanenka ba ya taɓa komai ba. Ban san shi ba. Abin da na sani shi ne yau ko gaban alƙali aka kai ku, ba ka da takarda ɗaya da za ta nuna ya ci dala biyar, shi ma ba shi da takardar da za ta wanke shi. Kai ka jefa ku duka biyu cikin wannan hali.

Zo mu yi lissafi da alƙaluman da ka ba ni. Kayan masarufi ribarsu siririya ce, kowa a layinku ya san haka. Buhun shinkafa ka ɗauko shi, ka biya dako, ka sayar, da ƙyar ka ga jika ɗaya a kai. In na yi maka adalci na ce kana samun kashi 6 cikin ɗari a kan cinikinka, jika 150 ta ba ka jika 9 a rana, wato wajen jika 250 a wata idan aka cire ranakun da kasuwa ta yi sanyi. Yanzu cire haya da wuta da haraji da kuɗin mota, a ce jika 50. Cefanen gida jika 3 a rana, jika 90 ke nan. Man babur ɗinka, kuɗin waya, gudummawar biki, wanda ya tare ka a bakin masallaci, ba za su gaza jika 2 a rana ba, 60 ke nan. Abincin ƙanenka da yaran nan biyu da ɗan abin da suke sa wa aljihu, a ce 75. An tashi 275. Kowane wata kana gutsurar jika 25 daga uwar kuɗi, a shekara jika 300, ban sa ragon layya ba, ban sa suna ba, ban sa bashin da ƙawar gyatuma ta karɓa tun azumin bara ba. Ka ga kantocinka za su iya yin fayau ba tare da kowa ya yi sata ba.

Akwai kuma abin da nake zaton ya rufe maka ido. Ka shigo kasuwa gab da lokacin da naira ta faɗi. A tsakiyar 2023 Najeriya ta saki darajar kuɗinta, dalar Amurka da ake canzawa wajen naira 460 a hukumance ta haura 1,500 a farkon 2024, ita kuwa sefa tana nan ɗaure da yuro a kan kusan 656. Duk wanda ya samu hanyar shiga kasuwar Singa ta Kano da sefa a aljihu a wannan tsakani, duk da wahalar rufe iyaka da ta biyo bayan juyin mulkin Nijar na Yuli 2023, ya ga kaya sun yi masa araha, ya dawo ya ci riba mai kauri. Matasa da yawa sun ɗauka gwanintarsu ce. Canji ne ya yi musu aiki. Da farashi ya tashi a Kano ya cimma canjin, ribar ta koma yadda take, amma hannun da ya saba ɗiba bai rage ba. Da kana da kaye, wato littafin rubuta shige da ficen kuɗi, da ka ga ranar da abin ya juya.

Na san wani mai sayar da kayan babura a nan Damagaram da ya shiga irin halinka. Ɗan yayarsa ne ke tsare masa shago. Da ya ga jari na narkewa sai ya tara dangi ya ce yaron ya cinye shi. Yaron ya rantse, uwarsa ta yi kuka, aka rabu baram-baram, har yau gaisuwar kirki ba ta haɗa gidajen biyu. Ya zauna a kan kuɗin da kansa, jari bai fasa narkewa ba, domin gini yake yi a bayan gari, kuma duk siminti da ladan magina daga aljihun teburin nan suke fita. Kafin ya gane, ya rasa ɗan yayarsa, shagon ma daga baya ya sayar. Na kuma san wanda nasa yaron da gaske yana sata, har fili ya saya a ɓoye. Da aka zauna a gaban manya, yaron ya ce maigida ne ke aiko a ba wane, a ba wance, shi bai san adadi ba. Aka ce a kawo littafi, babu. Maganar ta mutu a wurin. In ɓera na da sata, daddawa ma na da wari.

Kuma ka dubi ƙanenka da idon rahama. Saurayi ne, yana buɗe shago tun safe, yana rufewa bayan isha, yana ganin dubban kuɗi suna wucewa ta hannunsa, amma ba shi da abin da zai ce nasa ne a ƙarshen wata. Yana son waya, yana son ɗinkin Sallah, wataƙila akwai yarinyar da yake zuwa zance wurinta. Ka ce masa ya ɗauki abin da yake bukata. To ina iyakar bukata? Wannan maganar da kake gani kamar kyautatawa ce, ita ce ta bar shi ba shi da haƙƙi sananne, kai kuma ta bar ka da zargi. 'Yan kasuwar da suka rene mu ba haka suke riƙe yaro ba. Yaro ya san zai yi wa ubangidansa shekara kaza, ya san ranar da za a sallame shi da jari ya tsaya da ƙafarsa, shi ya sa yake tsare dukiyar kamar tasa. Ku matasan yanzu kun ɗauki rabin tsarin, wato aiki ba albashi, kun yar da rabin da ke sa yaro ya yi haƙuri.

Ga abin da nake so ka yi, kuma cikin makon nan. Ka rufe shago yini guda, ku ƙirga komai kai da shi, buhu buhu, katan katan, a kan kuɗin sari ba kuɗin sayarwa ba. Ku haɗa da abin da ke aljihun tebur da wanda ke cikin waya, ku rubuta duk wanda kuke bi bashi da sunansa, ku cire wanda ake bin ku. Abin da ya rage shi ne jarinka na gaskiya. Ina tsammanin zai tayar maka da hankali, amma gara ka san shi yau. Daga ranar, ka yanka wa kanka albashi, adadin da shagon zai iya ɗauka, cefane da biki da sadaka duk daga ciki. In ya ƙare ranar ashirin ga wata, ya ƙare. In dole ta sa ka ɗauki ƙari, ka ce wa ƙanenka ya rubuta sunanka a kaye, yara suna ji. Wallahi ranar da suka ga maigida yana cewa a rubuta masa bashin jika biyu, babu wanda zai ƙara miƙa hannu cikin sauƙi. Shugabancin shago daga nan yake farawa. Tsawa da zare ido ba sa tsare dukiya.

Sannan ka kira kawunku ko wani babba da kuke jin nauyinsa, a gabansa ka yanka wa ƙanenka albashi, ko jika 30 ce, ka kuma faɗi shekarun da zai yi da abin da za ka sallame shi da shi. A rubuta, kowa ya riƙe tasa. Za a sami mai cewa rubutu tsakanin 'yan'uwa rashin yarda ne. Ka tuna masa cewa aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, umarni ce a rubuta bashi a kafa shaidu, kuma ba a ware ɗan'uwa ba. Kada ka ambaci zargin da ke ranka a wannan zama. Ba ka da hujja, kuma kalmar sata in ta fita a gida ba ta komawa. Kuɗin shago da ake turowa ta waya su sami lambarsu daban, kada su haɗu da wadda ake turo maka gudummawa a kai. Kowane dare a haɗa ciniki kafin a sa kwaɗo, kowane ƙarshen wata a sake ƙirga kaya. Idan bayan wata uku littafi da kaya sun ƙi haɗuwa alhali kai ka tsare hannunka, to a lokacin kana da abin nunawa, sai ka zauna da shi ku biyu kawai, ba a gaban masu sayayya ba.

Maganar bashin miliyan 3 kuwa, ka ajiye ta. In za ka biya cikin shekara guda, uwar kuɗin kaɗai jika 250 ce kowane wata, daidai da duk ribar shagonka kafin ka ci ka sha. Ban sa kuɗin ruwa ba, wanda a ƙananan cibiyoyin ba da rance doka ta yarda ya kai kashi 24 cikin ɗari a shekara, ban kuma shiga abin da malamai suka faɗa a kansa ba, ka san shi. Kuma wa zai zauna a shago na biyun? Mutumin da ya kasa sanin abin da ke faruwa a teburin da yake zaune a kai, yaya zai san na Sabon Gari?

Dubai ɗin nan kuma ta ishe ni a bakin samari. Kowa ya ga hoton abokinsa a Facebook tsaye gaban kwantena sai ya ji shi ma lokacinsa ya yi. Ba wanda ke ɗora hoton takardar duwan, wato kwastan, ko watannin da kaya ke yi a hanya tun da aka rufe iyakar Benin a 2023 aka koma zagayowa ta Lome da Burkina Faso, kuɗi a kwance, mai bashi yana ƙirga kwanaki. Haka aka yi da zinariyar Jado a 2014. Na ga waɗanda suka sayar da shago suka hau mota, kaɗan sun samo, da yawa sun dawo suna zaman benci a shagon wasu. Masu zuwa Dubai da ka ga sun dore, je ka zauna kusa da ɗayansu bayan la'asar, za ka tarar akwai mai riƙe masa littafi, kuma ya san ribar kowane katan.

Ka riƙe kayen nan wata shida ba tsallake. In ka ga jari ya daina raguwa ya fara hawa, ko da jika 40 ne a wata, ka fara cika kantocin da suka yi fayau, ka ƙara kayan da suka fi gudu kafin azumi. Bayan nan ka sake rubuto mini da alƙaluman wata shidan, da abin da kuka yanke da ƙanenka a gaban kawunku, sai mu duba ko shagon Sabon Gari zai yiwu da kuɗinka, kuma ko shi ne zai riƙe shi.