Shirun da kuke ganin muna yi a Zangon Kumasi

Malam, tambayarka ta yi min zafi ba zan ɓoye maka ba, amma na san ba da mugun nufi ka yi ta ba shi ya sa zan amsa maka da kyau. Ka ce me ya sa mu Hausawan Gana ba a jin muryarmu, abu ya faru wanda ya shafi addini ko ya shafi Zango sai a ji tsit, alhali a Kano kafin gari ya waye sojojin baka sun cika gidajen rediyo malamai sun fara raddi. Ka ƙara da cewa ko zama cikin Kiristoci ne ya kashe mana zuciya, ko kuwa dama Hausancin ya tafi saura suna. Wannan ta ƙarshen ce ta fi tsaya min a rai.

Ni a Aboabo aka haife ni nan cikin Kumasi, babana ma a Zango aka yanke masa cibi, kakanmu ne ya zo daga ƙasar Kano da fataucin goro ta hanyar Gwanja ya yi aure ya zauna. Toh abu na farko da ya kamata ka riƙe shi ne kai in ka yi magana a Kano a gidan ubanka kake, masallaci naku, maƙabarta taku, sarki naku, gwamna naku, wanda ka zaga ma ɗan'uwanka ne gobe ku haɗu a wurin ɗaurin aure. Mu Musulmi a Gana duka-duka ba mu wuce kashi 20 cikin 100 ba, kuma cikin Musulmin ma Hausawa na jini ba mu ne mafi yawa ba, a Zango akwai Mosawa da Wangarawa da Kotokoli da Zabarmawa da Dagwamba da Fulani da Yarbawa, Hausa dai ita ce yaren da ya haɗa mu. Ƙasar da gidajenmu ke kai ta sarautar Asante ce, har filin da muke binne mamatanmu sarakunansu ne suka bayar. Mutum ɗaya ya saki baki a rediyo ba za a ce wane ya faɗa ba, za a ce 'yan Zango sun ce, kuma wadda za ta fara shan kallon banza ita ce tsohuwar da ke sayar da koko da ƙosai a bakin kasuwar Kejetia wadda ba ta ma san an yi maganar ba.

Kuma ba wai ba mu taɓa ɗaga murya ba, mun yi, mun ga abin da ya biyo baya. Kafin a samu 'yancin kai mutanen Zango suna da jam'iyyarsu ta Musulmi da ta tsaya ƙyam tana adawa da Nkrumah, Sarkin Zangon Kumasi na lokacin Alhaji Amadu Baba yana cikin jagororinta. An samu 'yanci a watan Maris 1957, shekarar ba ta ƙare ba aka kore shi daga ƙasar shi da Alhaji Usman Lardan aka kai su Najeriya, kafin a fitar da su sun je kotu sun ce su fa nan aka haife su, sai majalisa ta zauna ta yi doka ta musamman da sunayensu su biyu a jiki don a kashe shari'ar. Ka duba fa, sarki sukutum. Talakan Zango da ya ga haka me kake so ya koya wa ɗansa?

Sai 1969, wannan kam babu gidan da ba shi da labarinta. Gwamnatin Busia ta fito da doka a watan Nuwamba ta ba duk baƙon da ba shi da takardar zama mako biyu ya bar ƙasa, kuma a wancan lokacin wa ya damu da takarda, mutum an haife shi a Yalwa ko Alabar bai taɓa ganin iyaka da idonsa ba. Babana in ya tuna sai ya yi shiru ya daɗe kafin ya ci gaba, yakan ce mutane sun sayar da gidaje da kekunan ɗinki a kuɗin da bai kai na akuya ba, manyan motoci cike da tsofaffi da yara sun nufi iyakar Togo. Gwaggona ta bi mijinta suka tafi, ta ƙarasa rayuwarta a Kano, kuma abin da ya fi cin ran babana shi ne a can ɗin ma har ta koma ga Allah 'yar Gana ake ce mata. Mu da muka taso bayan wannan, kalmar da muka fi ji a gida ita ce baki shi kan yanka wuya, kar ka sa baki a siyasar masu gari, kar a ji sunan gidanmu a ofishin 'yan sanda. Na san ku ma kun rama a 1983 lokacin Shagari da aka koro 'yan Gana, wannan ma bai ƙara mana komai ba sai kunya a idon maƙwabta.

Amma wallahi kuskure ne ka ɗauka rashin ihu rashin magana ne. Je ka duba mazaɓar Asawase, a tsakiyar Kumasi take inda jam'iyyar NPP ta magadan Busia ke da ƙarfi kamar me, amma tun da aka ƙirƙire ta a 2004 abokiyar hamayyarta NDC ce ke cin kujerar majalisa, Muntaka Mubarak yana kai tun 2005, kuma in ka tambayi tsofaffi dalili da yawansu Busia za su ambata maka. Mutumin da ba zai taɓa kiran rediyo ya soki kowa ba zai tashi da asuba ya bi layi ya dangwala abin da ke ransa. Sannan muna da tashoshin da ake shiri da Hausa irin su Zuria FM a nan da Marhaba FM a Akra, ga majalisun shayi a kowane lungu, in ka zauna a ɗaya bayan isha'i za ka ji musu har kunnenka ya gaji. Abin da muke bambancewa shi ne maganar da ake yi a cikin gida da wadda ake fita da ita gaban masu gari, ta biyun ba kowa ke ɗaukarta ba, akwai Sarkin Zango akwai limamai akwai sarakunan ƙabilu, su ake ɗora wa su kai Manhyia fadar Sarkin Asante. Su kansu Asantawa haka tsarinsu yake, ba ka yi wa sarki magana kai tsaye, sai ka faɗa wa okyeame, wato mai magana da yawun sarki, shi ya gyara ta ya miƙa. Mun zauna da su fiye da shekara 100, dole mu san ta ƙofar da magana ke shiga a amsa ta. A 2016 da rikici ya tashi a Tafo kan katangar maƙabarta tsakanin samarinmu da masarautar garin har aka yi asarar rai aka sa dokar hana fita, ba ihun samari ne ya kashe wutar ba, manya ne suka zauna.

Ka kawo maganar Babban Limamin ƙasa Shehu Usman Nuhu Sharubutu da ya shiga cocin Katolika a Akra ranar Ista ta 2019, ka ce da a wajenku ne da an ga yadda ake yi. Kar ka zaci kowa a nan ya ji daɗi, an yi ta muhawara a zaure da masallatai, 'yan Ahlussunna da yawa ba su yarda ba kuma sun faɗa. Amma dattijon da ya kai shekara 100, wanda duk lokacin da aka taɓa Zango shi ne ke tashi ya je ya tsaya mana, ba za mu fito da shi kasuwa mu yi masa tsirara gaban waɗanda ba su san bambancin Tijjaniyya da Sunna ba. Ni a ganina wannan kunya ce irin wadda iyayenmu suka zo da ita daga can wajenku, ban san yaushe ta zama alamar an bar Hausanci ba.

Batun aure kuwa da ka taɓo a gefe, wai mun cakuɗe, toh ni mahaifiyata Ba'asantiya ce daga wani ƙauye ta wajen Mampong, ta musulunta kafin babana ya aure ta, ta yi sallah da azumi fiye da shekara 50, ta je Makka, tuwo da miyar kukarta babu matar Zangon da ta fi ta. Su a al'adarsu ɗa na dangin uwa ne, mu kuma na uba, don haka ni ta kowane ɓangare ina da gida, kawunnaina na can ba su taɓa ce min baƙo ba. Ranar da ta rasu ne na ga amfanin iya baki da idona. Danginta suka zo suka ce gawa tasu ce, za a kai ta ɗakin ajiyar gawa a sa ranar biki kamar yadda suke yi, wani lokaci sai a yi wata biyu ko uku kafin a binne. Ƙanena jini ya hau, ya fara ɗaga murya yana cewa ba za a mayar da uwarsa kafira ba, da an bar shi ya ƙarasa wannan jimlar da har yau ba ma gaisawa da su. Limamin unguwarmu ya ja shi waje, shi da wani dattijo da ya iya Twi yaren Asantawa kamar a bakinsa aka ƙirƙire shi suka zauna da shugaban danginta, aka gaisa yadda suke gaisawa daga dama zuwa hagu, aka faɗi abin da ya kawo kowa, sannan a hankali aka nuna musu cewa ita da bakinta ta bar wasiyya a yi mata sutura irin ta Musulmi. Kafin la'asar mun kai ta makwancinta, kawunnaina suna tsaye a gefe. Da suka sa ranar taronsu a ƙauye muka je mu ma, muka zauna a rumfa muka ba da gudummawarmu, ba mu sha abin da suke sha ba kuma babu wanda ya matsa mana. Akwai 'yan Zangon da suka yi gulmar zuwanmu, na ji, ban tanka ba.

Ba zan ce maka shirun nan ba shi da illa ba, yana da ita kuma tana damuna. Ladabin da muke yi wa masu gari shi ne muka juyo da shi cikin gida har ya yi yawa, yaro ba ya magana gaban manya ko da shi ne ya yi karatun abin, mace ba a ma tambayarta, kwata ta toshe shekara da shekaru a unguwa kowa na gani amma wanda ya fito ya faɗa sai a ce ya raina shugabanni, kafin dare an kai ƙararsa wajen uwarsa, don a gidan haya na Zango mai ɗaki 20 babu abin da ke ɓuya. 'Yan siyasa sun gane wannan, a kawo shinkafa da sukari da azumi a gaisa da sarakuna shikenan an gama da mu, ko asusun raya Zango da aka kafa a 2017 mutum nawa ne suka tsaya suka tambayi me aka yi da shi unguwa-unguwa? A 2021 da wata babbar makarantar 'yan mata ta mishan a Cape Coast ta hana ɗaliba Musulma yin azumi, samarinmu da 'yan matanmu ne suka ɗaga maganar a Facebook da Twitter har ta zama ta ƙasa baki ɗaya, kuma ina tare da su ɗari bisa ɗari. A shekarar ce kuma aka kashe Kaaka a Ejura, mutumin da ke ɗaukar bidiyon lalacewar garinsu yana sawa a intanet, matasa suka fito zanga-zanga sojoji suka harbe mutum biyu. Iyaye mata a nan da suka ga wannan sai suka ƙara riƙe 'ya'yansu, ka ga laifinsu? Ɗana na fari yana cikin masu rubutun nan, ba na hana shi, ina dai ce masa ya tabbatar da abu kafin ya rubuta kuma ya bar zagi.

Kuma Malam ka yi min adalci, a Kanon ma akwai abin da ba ka isa ka faɗa a bainar jama'a ba, akwai malamin da in ka saɓa masa a fili sai ka kwana kana amsa waya, akwai ra'ayin da kake faɗa wa abokinka a mota ba za ka rubuta shi da sunanka ba. Ƙarfin muryar da kake ji yawanci na wanda ya san taro na bayansa ne.

Saura guda ɗaya wadda ku ne sanadinta. Hausarmu ba irin taku ba ce, mun sani, muna cewa ya zo ko mace ce, muna jefa Twi da Turanci a tsakiya, a makaranta ba a koya mana rubuta ta ba, abin da muka tsotsa ne kawai. Yaron Zango zai ga ana tattauna wani abu da Hausa a Facebook, ko rikicin Filato ko tsadar Hajji, ya yi ƙarfin hali ya rubuta ra'ayinsa, maimakon a amsa abin da ya faɗa sai a bi shi da dariya ana wannan wace irin Hausa ce, wani ya ce Bagwari ne, wani ya ce je ka koyo yare tukuna. 'Yata ta daina rubuta Hausa a waje gaba ɗaya saboda wannan, da Turanci take yi yanzu, Hausar sai in ni za ta turo wa saƙo ko kakanninta na wajen uwa. Yarinyar da ta sauke Alƙur'ani a makarantar allo ta Aboabo, wadda ba ta taɓa kiran sunan yayanta na fari gatsau ba. In ka ga irinsu sun yi rubutu a ƙarƙashin naka, don Allah ka amsa musu maganar da suka kawo, ka kuma tsawata wa masu dariyar tunda kai suna jin nauyinka.