Wa'adin Mickey ya ƙare, in buga shi a jakunkunan 'yan makaranta?

Wani ɗan kasuwa da ke saida kayan 'yan makaranta a babbar kasuwar Maradi ya aiko yana cewa: "Malam, na ji an ce ɓeran nan Mickey ya zama na kowa, wai tsarin mulkin Amurka ya hana a riƙe haƙƙin mallaka har abada. Ina son in buga shi a jakunkuna da riguna kafin a koma makaranta, in kai wasu Katsina. Akwai matsala?"

Alhaji, labarin da ka ji gaskiya ne, sai dai rabinsa aka ba ka. Kundin tsarin mulkin Amurka ya bai wa majalisa ikon kare marubuta da masu ƙirƙira, amma na ƙayyadadden lokaci. Bai faɗi shekara nawa ba, nan kuwa gizo ke saƙa. Dokarsu ta farko a 1790 ta ba da shekara 14, da damar ƙara wasu 14. Aka yi ta jan wa'adin har 1998, lokacin da aka ƙara shekara 20 a kai: rayuwar mai aiki da 70 bayan rasuwarsa, aikin kamfani kuwa 95 daga fitowarsa. Wani mai suna Eric Eldred ya kai ƙara, ya ce in ana ƙari duk sanda wa'adi ya matso, to iyakar ta zama ta baka. A 2003 Kotun Ƙoli ta kayar da shi, alƙalai bakwai da biyu, ta ce komai tsawon wa'adi, muddin yana da ƙarshe, bai saɓa wa tsarin mulki ba. A ganina Eldred na da hujja, amma hukunci ya riga ya zauna.

Da wannan lissafi ne fim ɗin Steamboat Willie na 1928 ya fita daga kariya ran 1 ga Janairu 2024. Mickey ɗin cikinsa baƙi da fari ne, siriri, yaranmu ma da wuya su gane shi. Siffofin da aka zana daga baya, irin wanda kake gani a jakunkunan da ke shigowa daga Sin, kowace da nata lissafi.

Babban abin da nake jiye maka shi ne tambarin kasuwanci. Shi wa'adinsa ba ya mutuwa in mai shi na sabuntawa. A OAPI, hukumar rajistar tambari da ke Yawunde wadda Nijar ke ciki, shekara goma-goma ake sabunta rajista. Disney, kamfanin da ya fitar da Mickey, na amfani da sunansa da fuskarsa a matsayin tambari, kuma buga shi a gaban jaka shi ne ainihin abin da ke sa mai saye ya zaci kayan kamfanin ne.

Sannan tsarin mulkin Amurka bai da iko a Maradi. Nan dokar Nijar ke aiki, da yarjejeniyar Berne da ta sa mafi ƙarancin kariya shekara 50 bayan rasuwar mai aiki. Da ka ƙetare Ɗan Isa ka shiga Jibiya, wata doka ce: Najeriya na ba rubutu da zane shekara 70 bayan rasuwar mai su, kuma ba ta cikin OAPI.

Na san za ka ce kasuwa cike take da irin waɗannan kaya, ba wanda aka kama. Haka ne. Amma mai tebur da ya sari dozin biyu daban yake da wanda ya buga dubu da sunan shagonsa a jiki. In aka riƙe kaya a kan iyaka ana gab da komawa makaranta, ko an sake su daga baya, kasuwar ta wuce, jari ya kwanta sai baɗi.

Ni dai in kuɗina ne, zan nemi yaro mai zane nan cikin gari ya fitar mini da nawa: raƙumin dawa, zomo, ko ɗan kokawa da layunsa. Ku yi takarda, ya sa hannu cewa ya sallama maka haƙƙin bugawa, a rubuta kuɗin da ka biya, da shaidu biyu. Ka tuntuɓi BNDA, ofishin haƙƙin mallaka na ƙasa, kan yadda za a ajiye shaidar zanen. Ka fara da jaka ɗari ka ga yadda iyaye za su karɓa kafin ka zuba sauran kuɗin.