Kofin WAFU da CHAN ba abu ɗaya ba ne

Ɗan'uwa, ka tambaya ko kofin WAFU shi ne CHAN, kuma yaushe aka fara shi. Wannan gardamar mun sha yin ta a wurin mai shayi kusa da filin wasa na Ahmadu Bello.

CHAN gasar ƙasashen Afirka gaba ɗaya ce ta 'yan wasan da ke buga ƙwallo a gida, hukumar ƙwallon Afirka, CAF, ta fara ta a 2009. WAFU kuwa ƙungiyar ƙwallon Afirka ta Yamma ce, an kafa ta a 1975. A shekarun 1980 an yi wata gasar ƙasashen yankin wadda Ghana ta yi ta lashewa, daga baya ta mutu. An so farfaɗo da ita a 2002 a Kwaddibuwa, yaƙi ya ɓarke, aka watse.

Sai a 2010 ta dawo da rai, a Jihar Ogun, Najeriya ta doke Senegal ta ɗauki kofin. Togo ta ci a 2011, Ghana a 2013 da 2017. Wasan ƙarshen 2017 ɗin, da Ghana ta zura mana 4-1, har yau yana yi mini ciwo. Senegal ta ɗauka a 2019 da bugun fenariti.

Inda mutanenmu ke yawan ruɗewa shi ne kofin da kulob ɗin Ranchers Bees ta Kaduna ta ciwo mana a 1989. Na WAFU ne, amma na kulob-kulob, kada ka lissafa shi cikin na ƙasashe.

In rubutu za ka yi a kai, ka nemi tsofaffin 'yan jaridar wasanni, ko ka je Arewa House, cibiyar adana tarihi ta Kaduna, ka duba jaridun lokacin.