Tsakanin worse da exacerbate: wacce zan sa a jarrabawa?

Tambaya: Malam, bana zan sake zana WAEC, karo na biyu ke nan Turanci na kayar da ni. Malamin lesin ɗinmu ya ce worse kalmar 'yan firamare ce, mu riƙa sa exacerbate ko deteriorate. Na haddace su, amma ban san inda kowacce ke shiga ba. Hankalina a tashe yake.

Amsa: Kwantar da hankalinki, 'yata. Deteriorate ita ce taɓarɓarewa, abu ne ke lalacewa da kansa: his health deteriorated. Exacerbate kuwa ƙara wa Barno dawaki ne, dole a ga abin da ya tsananta wani abin: the flood exacerbated the hunger. In kika rubuta the situation exacerbated kika tsaya, kin bar jimla da ƙafa ɗaya. Worsen kuwa tana hawa duka biyun ba gardama. Escalate ta rikici ce da farashi, ba a cewa lafiyar mutum ta yi escalate.

Sai maganar malamin naku, wadda ita ce ke ƙona mini rai. Kusan kowane mako sai an kawo mini takardar yaron da aka ɗura wa jerin manyan kalmomi daga WhatsApp, an ce masa dogon Turanci ke burge mai maki. Ƙarya ce. Insha'in WAEC maki 50 ne, 10 daga ciki na tsaftar rubutu ne, kuma kowane kuskure rabin maki ake zabgewa. Kuskure 20, goman nan ta tafi. Wasu 20 kuma na iya zaɓen kalma ne da gina jimla, a nan exacerbate da aka cusa inda ba muhallinta ba take cin amanarki. Masu lesin nan sun karɓe kuɗin iyaye, su kansu ba su iya sa kalmar a jimla ba, sai haddar ƙamus kamar karatun aku.

Abin haushin ma, worse ɗin da suka raina ita ce yara ba su iya ba. It is getting worst nake gani, da more worse. Duka kuskure ne. Worse ta riga ta ɗauki ma'anar "ya fi", ba ta buƙatar more. Worst kuma sai an kai maƙura, shi ya sa take tafe da the: the worst year. Rubuta things got worse, ko from bad to worse, ki wuce abinki. Daga yau zuwa Juma'a ki gina jimla biyar da kowacce, ki karanta su a bayyane.