Bayan katafila ba hanya ba ce

Ɗana, jiya ka tambaye ni: "Maigida, tunda katafila tana kukan ribas, ga madubi ga kyamara, me ya sa ka daka mini tsawa don na gifta ta bayanta?" Ban amsa maka a lokacin ba saboda gabana bai daina faɗuwa ba.

Gobe da safe, kafin a tayar da inji, ka hau kujerata ni kuma in tsaya a baya. Leƙa madubin dama, leƙa na hagu, ka waiga. Za ka neme ni ka rasa, alhali ina tsaye ƙyam. To ina ga wanda ya durƙusa yana buga turken awo? Kyamara kuwa tana taimako, amma kafin rana ta take ƙura ta rufe mata ido.

Yi lissafi da kanka. Injin da ke ja da baya a kilomita 5 cikin awa, tafiyar ƙafa ke nan, yana cin kusan mita ɗaya da rabi a daƙiƙa guda. Ko na hango ka, kafin ƙafata ta kai birki wannan daƙiƙar ta tafi. Katafila samfurin D8 nauyinta ya kusa tan 40. Idan ta hau mutum, wanda ke sama ko girgiza ba lallai ya ji ba.

Kukan ribas ɗin da ka dogara da shi, shi ya fi ba ni tsoro. In injuna huɗu suna kuka tun safe, kunne sai ya saba, ya daina ji. Da idona na ga wani lebura da waya a kunne, ya juya wa tifa baya tana tahowa tana kuka. Sai da wani ya fizgo shi ta wuyan riga. Hularsa ta faɗi, taya ta murƙushe ta kamar ƙwai. Har yau ina jin ƙarar.

Don haka in za ka wuce, zagayo inda zan gan ka, nesa da injin, ka ɗaga hannu. Jira mu haɗa ido, in tsaya, in sauke ƙarfen gaba ya taɓa ƙasa, in yi maka alama. Ɗaga kaina kawai ba izini ba ne. Rigarka mai ƙyalli kada ka cire ta don zafi. Eskabeta ma, wato injin haƙa ƙasa, kada ka raɓe ta don tana tsaye, in ta juya gindinta kan matse mutum da bango.

Ranar da na sa ka yi mini jagora da alamar hannu, kai kaɗai zan bi. Tsaya gefen da nake ganinka a madubi, kada ka yi tafiya da baya, kada ka shiga layin taya. Da ka ɓace mini zan taka birki, ba zan motsa ba sai na sake ganin fuskarka.