Tambaya da Amsa: Harafin X a katin shaida

Tambaya: Assalamu alaikum Anti. Ni dai ina aiki a teburin karɓar marasa lafiya a wani ƙaramin asibiti a New York, wata na uku kenan. Shekaranjiya wani ya miƙo min katin birni, na duba wurin jinsi ba M ba F sai X, wallahi na ɗauka kuskuren bugawa ne har na kira ogata, ta ce daidai ne kawai in rubuta. Na ji kunya sosai don mutumin yana tsaye yana jinmu. Don Allah menene wannan X ɗin, kuma meye ruwan hukumar birni da shi?

Amsa: Wa alaikumus salam ƙanwata. Ba kuskure ba ne. Katin da kika gani sunansa IDNYC, birnin ya fara bayar da shi a 2015, a 2019 aka ƙara X saboda mutanen da ba sa ɗaukar kansu maza ko mata. Tun 1 ga Janairun 2019 kuma wanda aka haifa a birnin zai iya sa X a takardar haihuwarsa, in baligi ne ba sai ya kawo takardar likita ba, shi zai rubuta ya sa hannu. Kar ki haɗa su da mata-maza fa, waccan maganar halittar jiki ce, wannan kuwa yadda mutum ke ganin kansa ne. Akwai kuma masu sauya jinsi, waɗanda aka rubuta namiji lokacin haihuwa amma suna rayuwa a matsayin mace, ko akasin haka.

To meye ruwan birni? Ai kusan duk inda waɗannan mutane ke cin karo da matsala a hannun birni yake: gidan kwanan marasa matsuguni, asibitin gwamnati, 'yan sanda, ofishin takardu. Ki ɗauka mutum ya je neman haya ko aiki, kamanninsa daban abin da ke kati daban, daga nan sai tambayoyi, sai a ce ka dawo gobe, goben da ba ta zuwa, ƙarshe ka gan shi yana kwana a tashar jirgin ƙasa, kuma birnin ne dai zai ɗauki ɗawainiyarsa. Ni wannan ɓangaren ne ya fi taɓa ni, don ba wanda ya cancanci kwanan titi saboda harafi ɗaya.

Abin ma ba sabo ba ne. Birnin Minneapolis ya sa masu sauya jinsi cikin dokar hana wariya tun 1975, New York ta bi a 2002. San Francisco ta buɗe ofishi na musamman dominsu a 2017, a 2022 kuma ta fito da shirin ba mutum 55 masu ƙaramin ƙarfi daga cikinsu dala 1,200 duk wata, abin da ya jawo ce-ce-ku-ce da ƙara a kotu. Gwamnatin tarayya kuwa ta buɗe wa kowa damar sa X a fasfo a 2022, a Janairun 2025 Trump ya ba da umarnin a daina, shi ya sa za ki iya ganin mutum ɗaya katin birni X, fasfo wani abu daban, kar hakan ya rikita ki.

Abin da ya shafi aikinki kai tsaye: tun 2015 Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta birnin ta bayyana cewa in ma'aikaci ya riƙa ƙin kiran mutum da sunan da ya zaɓa da gangan, yana maimaitawa, to zai iya zama wariya, tarar kuma kan kai dala 250,000 in an tabbatar da mugun nufi. Suɓutar baki sau ɗaya ba ta cikin wannan, saboda haka ki kwantar da hankalinki. Dokar ba ta tambayi abin da ke zuciyarki ba, yadda kika karɓi mutum a tebur take kallo.

In ya sake zuwa ki rubuta abin da ke katin, ki tambaye shi a hankali da wane suna yake so a kira shi, in kuma kwamfutarku ba ta da gurbin X ki tambayi ogarki a gefe, ba a gabansa ba.