Shin da gaske ne 'yan Latino ba sa ba da gudummawa?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina zaune a unguwar Bronx da ke birnin New York, kuma shekara uku ke nan ina cikin kwamitin amintattu na wata ƙaramar ƙungiya da ke rabon abinci duk ranar Asabar. Mun shirya bikin karrama masu ba mu gudummawa, sai akantanmu ya kawo sunayen mutum ashirin da suka fi bayarwa, babu ɗan Latino, wato mai asali daga ƙasashen Latin Amurka, ko ɗaya a cikinsu, alhali su ne mafi yawan maƙwabtanmu, kuma matansu ne ke jera mana kaya tun da asuba. Wani mai ba da shawara da muka ɗauka ya ce kada mu damu, wai su masu karɓa ne, bayarwa ba al'adarsu ba ce. Maganar ta tsaya mini a rai, domin ina tsoron mu ci fuskar mutanen da suka riƙe mu. Shin gaskiya ya faɗa, kuma yaya za mu yi?

Amsa: Wa alaikumus salam, Hajiya. Tsoron da kike ji yana kan hanya, kuma da kun yi bikin da wannan jerin sunayen, da kun yi ɓarnar da za a daɗe ba a gyara ba. Maganar mai ba ku shawara ba gaskiya ba ce, kuma ita ce kuskuren da na fi cin karo da shi a wannan aiki, daga bakin mutanen da ake biyan su kuɗi masu yawa domin su san akasin haka.

Takardar da akantanku ya kawo ba ta yi ƙarya ba, sai dai abin da take aunawa shi ne kuɗin da ya shigo ta cek ko ta katin banki, da sunan mutum ɗaya, aka kuma yanka masa rasit. Haka manyan alƙaluman ƙasar suke. Dala biliyan 557 da rahoton shekara-shekara na Giving USA ya ce an bayar a Amurka a 2023, an gina lissafinsu ne mafi yawa a kan takardun haraji da bayanan ƙungiyoyi masu rajista. Hukumar haraji ta IRS ba ta ɗaukar abin da ka ba mutum hannu da hannu a matsayin gudummawar da za a rage maka haraji a kanta, ba ta ƙirga sa'o'in da ka yi kana aikin sa-kai, kuma a mafi yawan lokuta ba ta ƙirga abin da ka aika wa wata ƙungiya a ƙasar waje. Bugu da ƙari, tun bayan dokar haraji ta 2017, kusan mutum tara cikin goma ba sa lissafa gudummawarsu ɗaya bayan ɗaya a fom ɗin haraji, saboda haka mai aikin gini ko mai kula da tsofaffi ya daɗe bai ga dalilin neman rasit ba. Akwai kuma batun dukiya: binciken babban bankin Amurka na 2022 ya nuna matsakaicin gidan farar fata yana da dukiyar kimanin dala 285,000, na ɗan Latino kuwa kimanin 62,000. Wanda ya jera mutum ashirin da suka fi rubuta babban cek, masu hannu da shuni ya jera, kuma wannan bai gaya masa komai ba game da wanda ya fi sakin hannu.

Yanzu ki dubi inda kuɗin nasu yake bi. A 2023 kuɗin da aka aika gida Meziko ya haura dala biliyan 63, wanda aka aika Jamhuriyar Dominikan kuma, ƙasar da da yawa daga cikin 'yan Latino na Bronx suka fito, ya haura biliyan 10. Ba zan ce miki duk wannan sadaka ba ce, domin ciyar da uwa da biya wa ƙani kuɗin makaranta nauyi ne da ya rataya a wuyan mutum. Amma a cikinsa akwai rufin coci, da motar ɗaukar marasa lafiya, da kuɗin maganin maƙwabcin da ba dangi ba. 'Yan ci-rani daga jihar Zacatecas ta Meziko da ke zaune a Los Angeles da Chicago sun kafa ƙungiyoyin 'yan gari ɗaya, suna tara kuɗi suna shimfiɗa titi da jan ruwan famfo a ƙauyukansu, har ta kai a 2002 gwamnatin tarayyar Meziko ta mayar da tsarin shirin ƙasa mai suna Tres por Uno, inda duk peso ɗaya da 'yan ci-rani suka kawo, gwamnatin tarayya da ta jiha da ƙaramar hukuma kowacce takan ɗora ɗaya a wancan lokaci. Gwamnati ba ta gina shiri a kan aljihun mutanen da ba sa bayarwa. Abin kuma ba sabo ba ne, domin tun 1894 aka kafa Alianza Hispano-Americana a Tucson ta jihar Arizona, ɗaya daga cikin ƙungiyoyin taimakon juna da suke kira mutualistas, waɗanda ke karɓar ɗan abin da ma'aikaci ya iya duk wata domin a yi masa sutura idan ya rasu, a kuma tallafi matarsa da 'ya'yansa, a zamanin da kamfanonin inshora ba sa kallon irinsu.

Ke Bahaushiya ce, don haka ba sai na wahala wajen bayani ba. Abin da 'yan Meziko ke kira tanda, 'yan Dominikan kuma san ko sociedad, adashi ne ba ƙari ba ragi. Abin da mutanen jihar Oaxaca ta Meziko ke kira tequio gayya ce, aikin gari da kowane magidanci zai fito ya yi, wanda yake ƙasar waje kuma ya aiko da kuɗin wanda zai tsaya a madadinsa. Idan yarinya ta cika shekara goma sha biyar za a yi mata biki, ana raba nauyin ga iyayen biki da suke kira padrinos, wannan ya ɗauki kek, wancan ya ɗauki masu kiɗa, kamar dai yadda gudummawar biki take zagayawa tsakanin matanmu. Da wani zai zo ya duba littafin akanta ya ce Hausawa ba sa bayarwa saboda bai ga adashi da gayya da kuɗin ta'aziyya a ciki ba, kin san amsar da za ki ba shi.

Na taɓa tsayawa wata ranar Asabar a harabar wani gidan mai, inda matasa kusan goma sha biyar ke wankin mota da bokitai, wata yarinya tana tsaye a bakin titi riƙe da kwali mai hoton wani magidanci da ya faɗo daga saman gini. Kuɗin mayar da gawarsa ƙauyensu suke nema. A gefe wata dattijuwa ta ajiye kula cike da tamales, wato dafaffen ƙullin masara da ake naɗewa a ganye kamar alala, duk abin da ta sayar tana jefawa cikin kwalin takalmi da aka huda wa murfi. Na ga mai tsohuwar motar aiki ya miƙa dala ashirin ya ce kada a wanke, yana sauri. Kafin la'asar kwalin ya cika, kuma ko sisin kwabo daga ciki bai shiga wani rahoto ba. Irin wannan ne ake yi a harabar coci bayan addu'ar Lahadi, a taron sayar da abinci da suke kira kermés, kuma cocin kansa doka ba ta tilasta masa cika fom na 990, wato rahoton kuɗi na shekara da sauran ƙungiyoyi ke miƙa wa IRS, ba.

Dalilin da ya sa nake zafafawa a kan wannan magana shi ne, ƙarya ce mai haifar da shaidar kanta. An ce ba sa bayarwa, sai a daina roƙonsu. Da aka daina roƙonsu, sai sunayensu su ɓace daga littafi. Da suka ɓace, sai a ɗauko littafin a ce ga hujja. Daga nan ba za a ba su kujera a kwamiti ba, tunda ana ganin kujerar ta masu kawo kuɗi ce, kuma manyan gidauniyoyi su ma su kau da kai. Ƙidayar 2020 ta samu 'yan Latino miliyan 62 a Amurka, kusan kashi 19 cikin 100 na jama'a, amma binciken da ƙungiyar Hispanics in Philanthropy ta yi tare da Foundation Center a 2011 ya nuna abin da gidauniyoyi ke warewa musamman domin su bai wuce kashi ɗaya da ɗoriya cikin 100 ba. Mai ba da shawarar da ya gaya muku haka bai taka ƙafarsa zuwa wurin rabon abincinku da ƙarfe shida na safe ba, bai tambayi mai kantin unguwa ko buhun shinkafa nawa ya sauke muku bara ba, ya duba allon kwamfuta ne ya yanke hukunci a kan mutanen da bai taɓa gaisawa da su ba. Ni dai ba zan ƙara biyan irin wannan mutum ba.

Alhali duk lokacin da aka roƙe su ta hanyar da suka amince da ita, ana ganin abin da ke biyo baya. Bayan guguwar Maria ta ragargaza Puerto Rico a 2017, ƙungiyar Hispanic Federation, wadda aka kafa a birninku a 1990, ta tara miliyoyin daloli, da yawa daga hannun talakawa masu aiko da ɗan abin da suka samu. A Kalifoniya kuma Latino Community Foundation ta kafa rukunonin masu bayarwa, inda mutane ke haɗa kuɗi duk shekara su zauna su zaɓi ƙungiyar da za su ba, wanda idan kin lura adashi ne aka sa masa rigar gidauniya.

Sai dai ina gargaɗinki kada ku gyara wannan kuskure da wani. Kada ku fara yanka wa mutane rasit na rage haraji a kan abin da doka ba ta amince da shi ba domin kawai sunayensu su shiga littafi. Kuɗin da aka tara da sunan wani gida takamaimai, ko a kwalin takalmi ko a shafin tara kuɗi na intanet na mutum irin GoFundMe, kyauta ce tsakanin mutane, kuma idan kuka bi da shi ta asusunku kuka ba da rasit, kun jefa rajistarku ta 501(c)(3), wato amincewar IRS cewa ku ƙungiyar agaji ce da aka yafe wa haraji, cikin haɗari. Haka nan ki ja kunnen ƙananan ƙungiyoyin unguwa game da masu kafa allo suna kiran kansu notario. A Meziko da wasu ƙasashen yankin, notario público babban lauya ne, a Amurka kuwa mai buga hatimin shaida ne kawai, kuma macuta suna cin kasuwa da wannan ruɗani. Na ga ƙungiyar mata da aka karɓe wa kuɗi aka yi musu rajistar jiha kaɗai, aka ce musu an gama, suka yi shekaru suna tsammanin suna da amincewar IRS. Rajistar jiha daban, ta tarayya daban, kuma a New York mai neman gudummawa daga jama'a yana da wata rajistar a ofishin babban lauyan jihar. Kowa na iya duba sunan ƙungiya kyauta a shafin IRS, kuma ƙaramar ƙungiyar da ba ta da ƙarfin wannan ɗawainiya tana iya fakewa a ƙarƙashin inuwar babba mai rajista ta hanyar yarjejeniya a rubuce.

Game da bikin naku, karramawa ba ta jiran izinin hukumar haraji. Ku buɗe littafi na biyu wanda zai ɗauki sa'o'in aiki, da kayan abincin da aka kawo, da motar da aka ba ku aro, da dala biyar ɗin da wani yake miƙowa duk mako ba fashi, sannan ku fitar da waɗanda za a karrama daga littattafan biyu, a kan dandali ɗaya, da lambar yabo iri ɗaya. Idan kuka ba masu cek allon gilashi a zauren cin abinci, kuka ba masu girki takardar godiya a bakin ƙofa, gara ma ba ku yi ba. Da yawansu za su fi son a kira sunan gidansu, ko rukunin matan cocinsu, ko garinsu na asali, maimakon a ware mutum ɗaya a tsayar da shi gaban jama'a, kuma a yi jawabin da Sifaniyanci tare da Turanci daga bakin ɗan cikinsu. Kada kuma ku ɗauka kowa ɗaya ne: ɗan Puerto Rico ɗan ƙasar Amurka ne tun haihuwa, ɗan Dominikan yana da nasa tarihin, mutumin Puebla ko Oaxaca a Meziko kuma wataƙila Sifaniyanci ma yare na biyu ne a wurinsa.

Abu mafi nauyi shi ne sunaye da hotuna. A cikin masu yi muku aiki akwai waɗanda takardun zamansu ba su cika ba, ko na wani a gidansu, kuma hoton da kuka ɗora a Facebook da kyakkyawar niyya zai iya zama musu masifa. Kada a buga sunan kowa, kada a ɗauki hoton kowa, sai an tambaye shi a keɓe ya amince, wanda ya ƙi kuma a kai masa godiyarsa har gida. Shawarata ita ce ku dakatar da buga takardar shirin bikin, ranar Asabar mai zuwa ki je da wuri ki zauna da matan nan kafin a buɗe ƙofa, ki tambaye su wa suke ganin ya fi cancanta da yadda suke so a yi, sannan ki kai wa kwamiti sunan ɗaya daga cikinsu domin a ba ta kujera mai ƙuri'a a zaman da za a yanke shawarar.